Sheƙi Daban, Santsi Daban: Kimiyyar Gogayya a Sandar Garaya da Wuyan Jita

Gabatarwa

Garin Gwarzo yana yamma da birnin Kano da tazarar kilomita kusan 70, kuma matafiyin da ya bi titin da ya wuce ta gaban sabon matsugunin Jami'ar Bayero zai ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo kafin ya isa can. Yanki ne na manoman gero da dawa da masara da gyaɗa. Kamar sauran sassan ƙasar Hausa, idan an kammala aikin kaka akan ji amon gurmi a filin kokawa, da garaya a taron mafarauta, da goge ko kukuma a wajen biki. A 'yan shekarun nan kuma jita, wadda baƙuwa ce, ta sami shiga hannun matasa ta hanyar ƙungiyoyin kiɗa da ɗakunan ɗaukar waƙa na birnin Kano.

Duk waɗannan kayan kiɗa sun yi tarayya a abu guda, wato doguwar sanda ko wuya da makaɗi ke riƙewa da hannu ɗaya yana danna tsirkiya da yatsunsa. Wanda ya lura da tsohuwar garaya zai ga sandarta ba ta da fenti ko kaɗan, amma hannu na tafiya a kanta ba tare da wata tirjiya ba. Sabuwar jita kuwa, wadda bayan wuyanta ke sheƙi kamar madubi, sau da yawa takan riƙe babban yatsan makaɗi da zarar gumi ya fara tsattsafowa, musamman a watannin bazara. Wannan ne ya sa makaɗan jita a ƙasashe da dama kan ɗauki samfefa su dusashe wannan sheƙi da gangan. Ga wanda bai san dalili ba, aikin zai yi kama da ɓarna. To, yaya aka yi abin da aka karce ya fi mai sheƙi santsi a hannu? Amsar tana cikin wani babi na ilimin fiziks da ake koyarwa a sakandare, wato babin gogayya.

Mece Ce Gogayya?

Gogayya ita ce ƙarfin da ke tirjewa idan ana son wani abu ya zame a kan wani. Ita ce ke hana takalmi sulɓewa a ƙasa, ita ce ke tsayar da keke idan aka ja birki, ita ce kuma ke sa tafin hannu ya yi zafi idan aka murza shi da ɗan'uwansa da sanyin safiya.

Leonardo da Vinci na ƙasar Italiya ya rubuta bayanai a kanta cikin littattafan ajiyarsa tun wajen shekarar 1493, amma ba a buga su ba a zamaninsa. A shekarar 1699 wani Bafaranshe mai suna Guillaume Amontons ya sake gano dokoki biyu. Ta farko ita ce, gogayya na ƙaruwa daidai da nauyin da ke danna abubuwan biyu a kan juna. Ta biyu ita ce, faɗin fuskar da ake gani da ido ba ya sauya yawanta. Wato ko an kwantar da bulo a kan cikinsa ko a kan gefensa, ƙarfin da za a ja shi da shi ɗaya ne. Daga baya, a shekarun 1780, Charles Coulomb ya faɗaɗa binciken, ya kuma bambanta gogayyar abin da ke tsaye da ta abin da ya riga ya fara tafiya. Ta farkon ta fi yawa. Mai tura amalanke ya san wannan da jikinsa, domin tayar da ita ya fi ci gaba da tura ta wuya.

Doka ta biyu ta daɗe tana ɗaure wa masana kai, sai a shekarar 1950 Frank Bowden da David Tabor na Jami'ar Cambridge a Ingila suka fitar da littafin da ya warware ta. Sun nuna cewa duk fuskar da ido ke gani sumul, idan aka duba ta da madubin ƙara girma, cike take da tuddai da kwaruruka. Idan aka ɗora ƙarfe a kan ƙarfe ko katako a kan katako, ƙololuwar tuddan ne kawai ke haɗuwa, kuma jimillar waɗannan wurare ɗan ƙaramin kaso ce ta faɗin da ake gani. A waɗannan wurare ƙwayoyin halittar abubuwan biyu kan kusanci juna har su manne, kuma raba wannan manni shi ne babban tushen gogayya. Ke nan abin lura shi ne faɗin haɗuwa ta haƙiƙa. Duk abin da ya ƙara wannan faɗi ya ƙara gogayya, duk abin da ya rage shi kuma ya rage ta.

Daga nan za a fahimci kuskuren da ɗalibai da yawa ke yi na ɗauka cewa kaushi kaɗai ke haifar da gogayya. Gilasai biyu masu tsabta da aka haɗa fuskokinsu sukan kama juna fiye da katakai biyu, dalili kuwa shi ne babu tuddan da za su raba tsakaninsu.

Fatar Hannu da Gumi

Fatar mutum ba ta bin dokokin Amontons sau da ƙafa, domin ita mai taushi ce, tana lanƙwasa ta bi siffar abin da ta taɓa. Idan yatsa ya hau fuska mai sheƙi, babu abin da zai hana fata kwanciya a kanta gaba ɗaya, don haka faɗin haɗuwa ta haƙiƙa ya yi yawa. Idan kuwa fuskar na da 'yan ƙananan tuddai, fata za ta zauna a kan ƙololuwarsu, ta bar iska a cikin kwarurukan.

Gumi ya ƙara dagula lamarin. Saman fata an yi shi ne da matattun ƙwayoyin halitta masu ɗauke da wani sinadari mai suna keratin, irin wanda ke cikin farce da gashi. A yawancin jiki kaurin wannan shimfiɗa bai wuce maikiromita 10 zuwa 20 ba, amma a tafin hannu ya ninka haka sau da yawa. Maikiromita ɗaya ita ce kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Idan keratin ya bushe yana da tauri, idan kuwa ya sha ruwa sai ya yi laushi. Tafin hannu na daga cikin wuraren da ƙofofin gumi suka fi yawa a jiki, domin akwai ɗaruruwansu a kowace santimita murabba'i ɗaya. Idan aka ɗora yatsa a kan abin da ba ya shan ruwa, gumin da ke fitowa ba shi da hanyar tsira, sai ya jiƙa keratin, fata ta ƙara laushi, ta ƙara kwanciya, gogayya ta hau.

A shekarar 2017 masu bincike daga Jami'ar Birmingham ta Ingila tare da abokan aikinsu na birnin Paris sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi na ɗora yatsa a kan gilashi. Sun ga cewa haɗuwar fata da gilashin ba ta cika nan take, tana ƙaruwa ne sannu a hankali har tsawon daƙiƙa 20 ko kusa da haka, gogayya kuma na ƙaruwa tare da ita. Wannan ya yi daidai da abin da makaɗin jita ke ji. Idan ya tsaya a wuri ɗaya na ɗan lokaci, sa'an nan ya so ya zarce sama da sauri, sai ya ji babban yatsansa ya kafe, ya fizge, ya sake kafewa. Jinkirin bai kai daƙiƙa ɗaya ba, amma ya isa ya fitar da shi daga kari.

Manoman Gwarzo da Kabo sun san wannan ilimi tun kafin a rubuta shi. Manomi kan tofa yawu a tafin hannunsa kafin ya kama ƙotar fartanya ko ta gatari, domin ɗan danshi na ƙara kamu. Mai ƙirga kuɗi a kasuwar Getso ma yakan jiƙa yatsansa saboda wannan dalili. Amma idan ruwan ya yi yawa har ya shiga tsakanin fata da ƙota, sai kamun ya ragu, ƙotar ta riƙa kuɓucewa. Wato busasshen hannu na zamewa, hannu mai ɗan danshi na kamawa, jiƙaƙƙen hannu sharkaf kuma ya koma zamewa. Hannun makaɗi yawanci yana matakin tsakiya, inda kamun ya fi tsanani.

Sandar garaya ta kuɓuta daga wannan matsala saboda dalilai biyu. Na farko, itace ko gora marar fenti na da ƙananan ramuka da zirin tsiro da ke rage faɗin haɗuwa. Na biyu, tana tsotse wani abu daga gumin maimakon ta tare shi. Masu ƙera goge irin na Turai, wanda ake kira biyolin, sun daɗe da gane haka, shi ya sa sukan shafe jikinsa duka da man sheƙi amma su bar bayan wuyansa, inda hannu ke kai da komo.

Aikin da Samfefa Ke Yi

Samfefa takarda ce ko ƙyalle da aka manna wa ƙwayoyin wani abu mai tauri. Kowace ƙwaya tamkar ƙaramar wuƙa ce da ke yankar siririn ziri a jikin abin da ake gogawa. Sharaɗin kawai shi ne ƙwayar ta fi abin tauri. A ma'aunin tauri da Friedrich Mohs na Jamus ya tsara a shekarar 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, yashin rafi yana mataki na 7, sinadarin alminiyam oksaid da ake yin yawancin samfefar kafintoci da shi yana na 9, lu'ulu'u kuma yana na 10. Katako da fenti suna can ƙasa ƙwarai, don haka ba su da ƙarfin tirjewa.

Lambar da ke rubuce a bayan samfefa tana nuna girman ƙwayoyinta, kuma yadda lambar ke ƙaruwa haka ƙwayoyin ke ƙanƙancewa. A tsarin Turai, wanda ake gane shi da harafin P a gaban lamba, ƙwayar lamba 80 ta kai kusan maikiromita 200, ta lamba 220 kusan 68, ta lamba 400 kusan 35, ta lamba 1000 kusan 18, ta lamba 2000 kuma kusan 10. Domin kwatanci, kaurin gashin kan mutum yakan kama daga maikiromita 50 zuwa 100.

A nan ne bambancin sheƙi da santsi ke fitowa fili. Sheƙi al'amari ne na haske. Tsawon zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin maikiromita 0.4 da 0.7. Idan tuddan da ke kan fuska sun gaza wannan tsawo sosai, hasken da ya faɗa mata zai koma ta fuska guda kamar yadda yake yi a madubi, sai ido ya ga ƙyalli. Idan tuddan sun kai wannan tsawo ko sun wuce shi, hasken zai warwatse ko'ina, sai fuskar ta dusashe. Karcen samfefa mai lamba 800 ko 1000 ya isa ya warwatsa haske, ya kuma isa ya rage kwanciyar fata, amma bai kai girman da yatsa zai ji shi a matsayin kaushi ba. Ido na ganin an ɓata fenti, hannu kuwa na jin an gyara shi.

Sai dai abin yana da iyaka. Idan aka yi amfani da lamba 80 ko 120 aka tsaya a nan, tuddan za su yi girman da za su riƙa nutsewa cikin fata suna saƙale ta, gogayya ta sake hawa ta wata hanya dabam. Idan aka zana wannan a jadawali, layin zai yi kama da ƙwarya: ya yi sama a gefen sheƙi, ya yi sama a gefen kaushi, ya sauka a tsakiya. Wannan tsakiyar ita ce makaɗi ke nema.

Daga Ganyen Ɓaure Zuwa Takarda

Kafin zuwan samfefa masassaƙan ƙasar Hausa na da nasu matakai. Akan fara da gizago a fitar da siffa, a bi da wuƙa, a kankare da ɓallin fasasshiyar kwalba, sa'an nan a goge da yashi mai laushi ko ganye mai kaushi. Wasu jinsunan ɓaure na da irin wannan ganye. Wanda ya fi shahara shi ne wanda masana tsirrai ke kira Ficus exasperata, da ake amfani da ganyensa a sassa da dama na Afirka ta Yamma wajen goge katako da ƙwarya. Kaushinsa ya samo asali ne daga ƙananan ƙayoyi masu ɗauke da silika, wato sinadarin da yashi ya ƙunsa. Hikimar dai ɗaya ce da ta kafintan zamani: a fara da mai kaushi, a ƙare da mai laushi, kowane mataki yana share karcen wanda ya gabace shi.

A Turai, John Oakey ya fara sana'ar manna garin gilashi a takarda a birnin Landan a shekarar 1833. A shekarar 1891 Edward Acheson na Amurka ya samar da sinadarin silikon kabaid, wanda ya ɗan fi alminiyam oksaid tauri. A shekarar 1921 kamfanin 3M ya fito da samfefar da ruwa ba ya lalata ta. Ita ce baƙar samfefar da masu fentin mota ke jiƙawa da ruwa suna aiki da ita, kuma a wurinsu ne aka fi samun lambobi masu laushi irin su 800 da 1000.

Inda Ake Neman Gogayya

Kada mai karatu ya ɗauka gogayya abokiyar gaba ce ga makaɗi a ko'ina. A jikin kayan kiɗa guda akwai inda ake gudunta, akwai kuma inda babu kiɗa sai da ita.

Garaya da molo ba su da makullan murɗawa irin na jita. Ana ɗaure tsirkiyarsu ne a jikin sanda da igiyar fata, kuma makaɗi na gyara amo ta hanyar matsar da wannan ɗauri sama ko ƙasa. Babu abin da ke riƙe ɗaurin sai gogayyar da ke tsakanin fata da sanda. Idan aka goge wurin har ya yi sulɓi, ko aka shafa masa mai, ɗaurin zai riƙa zamewa, tsirkiya ta saki, amo ya faɗi ana tsakiyar kiɗa. Saboda haka sanda ɗaya na bukatar fuska iri biyu: mai santsi inda hannu ke bi, mai ɗan kamu inda ɗauri ke zama.

Goge da kukuma sun fi nuna wannan a fili. Izgar doki ita kaɗai ba ta iya tayar da amo mai kyau, sai an goga mata ƙaro. Ƙaron na sa gogayyar tsaye ta fi ta tafiya nesa ba kusa ba. Idan aka ja izga, sai ta kama tsirkiya ta ja ta gefe, tsirkiya ta kuɓuce ta koma, izga ta sake kama ta. Wannan kamu da saki na faruwa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, kuma shi ne amon da kunne ke ji. Hermann von Helmholtz na Jamus ya bayyana wannan motsi a littafinsa na shekarar 1863. Kamu da sakin da ke ɓata wa makaɗin jita rai a bayan wuya, shi ne ainihin abin da mai kukuma ke ci da shi. Ƙugin ƙofar da ba a sa wa mai ba da kukan alli a kan allo duk daga wannan tushe suke.

Amfanin Fenti da Haɗarin Cire Shi

Tun da fenti ke jawo matsalar, wani zai ce a kankare shi baki ɗaya a huta. Wannan shawara na da haɗari, musamman a yanayi irin na yammacin Kano. Katako, ko bayan an sare shi ya bushe, yana ci gaba da musayar ruwa da iska. Idan laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, kamar yadda takan yi a watan Agusta, ruwan da ke cikin katako kan kai kusan kashi 16 cikin 100 na busasshen nauyinsa. Idan laimar ta sauka zuwa kashi 20, kamar yadda takan yi da hunturu, ruwan kan koma ƙasa da kashi 5. Katako na kumbura yana tsukewa tare da wannan sauyi, kuma yana yin haka ne ta faɗinsa fiye da ta tsawonsa. Wannan ne dalilin da ya sa ƙyauren katako ke ƙin rufuwa da damina, ya kuma yi sako-sako da rani.

Wuyan jita siririn katako ne, akan yi shi da itacen mafal na ƙasashen sanyi ko kuma da mahogani, wanda nau'insa na Afirka ɗan'uwan maɗaci ne. Tsirkiyoyin ƙarfe shida na jitar da ba ta amfani da lantarki suna jan sa da ƙarfin da ya kai kusan nauyin kilo 70, dare da rana. Domin ya jure, akan dasa sandar ƙarfe a cikinsa, dabarar da kamfanin Gibson na Amurka ya yi wa rajista a farkon shekarun 1920. Fenti ba ya hana ruwa shiga da fita ɗungurungum, amma yana rage saurinsa, ya sa duk sassan katakon su sauya tare. Idan aka tuɓe gefe ɗaya, wannan gefe zai riga sauran shan ruwa da bushewa, kuma wuyan na iya lanƙwasa ko murɗewa. Murɗaɗɗen wuya kuwa gyaransa na da wuya, wani lokaci ya fi kuɗin jitar.

Garaya ba ta cika shiga wannan hali ba, domin tsirkiyoyinta biyu ne, jansu bai kai na ƙarfe shida ba, sandarta zagayayya ce da iska ke taɓa ta ta kowace fuska daidai wa daida, kuma idan ta lalace sauya ta ba shi da tsada.

Idan har katako ya bayyana, mai na iya kare shi, amma ba kowane mai ba. Man linsid, wanda ake samu a shagunan fenti, yana haɗuwa da iskar oksijin ya daskare ya zama siririyar shimfiɗa. Man gyaɗa da man kaɗe ba sa daskarewa haka, sai dai su zauna da maiƙonsu suna tara ƙura. Haka kuma tsumman da aka shafa man linsid da shi ba a dunƙule shi a jefar, domin zafin da haɗuwarsa da iska ke fitarwa na iya tayar da gobara. Akan shanya shi a buɗe har ya bushe.

Yadda Ake Aikin

Abu na farko shi ne a wanke wuyan da tsumma mai ɗan danshi a tsane shi, domin sau da yawa dattin gumi da maiƙon hannu ne suka taru, kuma tsabtacewa kaɗai ta wadatar. Idan kamun bai tafi ba, sai a naɗe iyakoki biyu na wuyan da tef, a ɗauki samfefa mai lamba 800 ko 1000, a riƙa bin tsawon wuyan daga sama zuwa ƙasa da hannu marar nauyi. Ba a gogawa a gicciye, domin karcen gicciye ya fi bayyana ga ido, kuma yana tare hanyar hannu. Bayan 'yan shafe-shafe kaɗan sai a share a gwada. Farin gari alama ce ta cewa saman fenti ake ci. Da zarar garin ya fara ɗaukar launin katako ko na rini, to an wuce gona da iri. Kaurin fentin yawancin jitoci bai kai rabin milimita ba, kuma ya fi siranta a gefuna.

Wasu na amfani da soson ƙarfe mai laushi a madadin samfefa. A jitar lantarki wannan na bukatar hattara, domin na'urar da ke ɗaukar amo na ɗauke da maganaɗisu, kuma burbushin ƙarfe zai manne mata. Ya kamata kuma mai jita ya san abu biyu tun kafin ya fara. Hannu da kansa magogi ne, bayan watanni zai mayar da sheƙin, kuma kowane maimaici na ƙara cin fentin. Sa'an nan jitar da aka taɓa fentinta takan rage daraja a wurin mai saye. Jitar aro ko ta makaranta ba a yi mata wannan aiki sai da izini.

Ga sabuwar sandar garaya ko gurmi, akan bi lamba 120, sai 220, sai 400. Kafin matakin ƙarshe yana da kyau a shafa mata ɗan ruwa a bar ta ta bushe. Ruwan zai tayar da 'yan zaruruwan da samfefa ta kwantar, a aske su tun yanzu, maimakon gumin makaɗi ya tayar da su daga baya.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ya fi shafar kafintoci da yaran shagonsu da ke wuni cikin ƙura. A shekarar 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Lyon na Faransa, ta sanya ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, musamman na cikin hanci, ga masu shaƙar ta shekara da shekaru. Tana kuma tayar da asma. Tsohon fenti mai launi na iya ƙunsar dalma, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Yin aiki a sarari, da rufe hanci da baki, da share ƙura da jiƙaƙƙen tsumma maimakon hura ta, duk suna rage haɗarin. Rigakafi ya fi magani.

Gwaje-gwaje a Aji

Malami na iya nuna duk wannan ba tare da kayan ɗakin gwaji ba. Gwaji na farko na bukatar gilashin taga da farar takarda. Ɗalibi ya wanke hannu ya bushe shi, ya ja yatsa a kan kowanne. Sa'an nan ya danna yatsan a kan gilashin ya ƙirga daƙiƙa 20 kafin ya ja, ya kuma yi haka a kan takardar. Zai ji kamun ya ƙaru a gilashi ƙwarai, a takarda kuwa sauyin kaɗan ne, duk da cewa gilashi ya fi ta sumul.

Gwaji na biyu na bukatar faifan katako da ƙaramin guntun katako da abin awo. A ɗora guntun a kan faifan, a riƙa ɗaga gefe ɗaya sannu a hankali har ya fara zamewa. A auna tsayin gefen da aka ɗaga daga tebur, a raba shi da nisan da ke kwance a kan tebur daga ƙarƙashin wannan gefe zuwa inda faifan ya taɓa ƙasa. Amsar ita ce ma'aunin gogayyar tsaye. Alal misali, idan tsayin santimita 30 ne, nisan kuma santimita 60, ma'aunin ya zama 0.5. A maimaita da faifan da aka goge da lambobin samfefa dabam-dabam, da kuma wanda aka yi wa fentin sheƙi. Daga nan a sauya guntun katakon da roban share rubutu, wanda taushinsa ya fi kusa da na fata, a kwatanta jadawalan biyu. Gani ya kori ji.

Kammalawa

Sheƙi hukuncin ido ne, ya danganta da yadda haske ke komawa daga fuskar abu. Santsi kuwa hukuncin hannu ne, ya danganta da faɗin wurin da fata ta kwanta da kuma yawan danshin da ke tsakani. Fentin wuyan jita na kare katako daga sauyin damina da hunturu, amma sheƙinsa na kama hannu mai gumi, shi ya sa ake dusashe samansa a bar ƙasansa. Masassaƙin da ya bar sandar garaya babu fenti, da mai kukumar da ke goga ƙaro a izga, da manomin da ke tofa yawu a tafinsa kafin ya kama ƙota, kowannensu yana rage gogayya ne ko ƙara ta gwargwadon bukatar aikinsa. Ɗalibin da ya iya bayyana dalilin kowane ɗaya daga cikin ukun ya fahimci babin gogayya fiye da wanda ya haddace dokokinsa kawai.